Kurakuran da sababbin ma'aikatan sa ido kan cututtuka suka fi yi a ƙasar Daura

Na gaji da ganin sababbin ma'aikatan lafiya da ake turowa asibitocin karkara a ƙasar Daura suna maimaita kurakuran da mu muka yi a farkon aikinmu, alhali tsarin sa ido kan cututtuka da ɗaukar mataki, wato IDSR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa Afirka tun 1998, ya riga ya fayyace abin da ake so.

Mafi muni shi ne jiran tabbaci kafin a kai rahoto. Cututtuka irin sankarau, kwalara, ƙyanda da mashaƙo, da zarar an yi zarginsu, wajibi ne a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma cikin awa 24, ko da sakamakon gwaji bai fito ba. Ni wannan kuskure ya taɓa ci na. A wata bazara, ina wani ƙaramin asibiti kusa da iyaka, aka kawo yara biyu 'yan unguwa ɗaya cikin mako guda, jiki ya yi zafi, wuya ya sanƙare. Na ce bari in ga na uku, don kada a ce na tayar wa jama'a hankali a banza. Kafin na ukun ya zo, an yi jana'izar ɗaya daga cikin biyun, kuma sai daga baya na gane cewa a yankin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum biyu a mako ɗaya sun isa a ankarar da hukuma. Ku da kuka tarar da waya da manhajar kai rahoton cututtuka ta SORMAS a hannu, wane uzuri gare ku? Sankarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kuma iyayenku a nan arewa ba su manta ba.

Na biyu da yake ɓata mini rai shi ne rubuta “Daura” kawai a gurbin adireshi. Majinyata da yawa ta Kwangwalam suke shigowa daga Nijar, wasu kuma kasuwar Mai'aduwa ta kawo su, su ambaci gidan da suka sauka. Cutar sankarau da ta ɓarke a Damagaram a ƙarshen 2022 ta ɓulla a Jigawa maƙwabciyarmu, don haka wanda bai rubuta ainihin ƙauye ba ya ɓatar da sawun cutar. Ni dai al'adata in tambayi sunan ƙauye, sunan mai unguwa, da inda mutum ya kwana cikin kwana goman da suka wuce.

Idan ba a ga mai irin waɗannan cututtuka ba a mako, a rubuta sifili a aika, kada a bar fom babu komai. Ruwan ƙashin baya na gwajin sankarau da aka zuba a kwalbar Trans-Isolate, wadda ake kai shi ɗakin gwaji a ciki, ba a sa shi a firji. Yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu da tazarar awa 24, cikin kwana 14 da shanyewar ƙafar, a akwatin sanyi, don gwajin shan inna.

Akwai kuma ma'aikatan da ke zama a asibiti kawai suna jiran majinyaci ya zo. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan leƙa masu kemis biyu da wata ungozoma in ji abin da suka gani a makon, domin a ƙauyukanmu mai amai da gudawa wurinsu yake fara zuwa.