Yadda ake gwajin tiriftes bayan mummunan alaji

Zuma ta harbi mutum, ko an yi masa allurar fenisilin, kafin ka ce kwabo leɓe ya kumbura, jiki duk borin jini, numfashi da ƙyar. To nan ba lokacin gwaji ba ne, allurar adirenalin a cinya ita ce farko, rai ake ceto. Sai ya ɗan dawo hayyacinsa ake maganar jini, don a tabbatar alajin ne ko wani abu daban.

A fata da hanji da hanyar numfashi akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ce wa mast, wani Bajamushe Paul Ehrlich ne ya gano su a 1878, ya gan su cike fam da 'yan ƙunshi ya zaci abinci ne, ashe makamai ne. In suka zazzage sai su zubo histamin da wani sinadari mai yanka furotin, shi ne tiriftes, a takardar gwaji tryptase za ka ga an rubuta. Histamin mintuna kaɗan ya ɓace daga jini, shi kuwa tiriftes sai kusan awa 2 rabinsa ke tafiya, shi ya sa shi ake bi.

Kai ɗan jinya aikinka agogo. Rubuta lokacin da abin ya fara, ko a bayan kati ne, don wallahi a ruɗen nan ba mai tunawa. A ɗebi jini da zarar an ba da taimakon gaggawa, a sake cikin awa 1 zuwa 2 da farawa, kar dai ya wuce awa 4, kuma dan Allah a rubuta lokaci jikin kowace kwalba. Na uku sai bayan awa 24 ya murmure, shi ne ma'auninsa na asali kuma shi aka fi mantawa saboda an sallami mutum ya tafi gida.

Lissafin ba wuya, a ninka na asali da 1.2 a ƙara 2. Wanda na asalinsa 5 ne kenan, in lambarsa ta haura 8 lokacin abin, ƙwayoyin sun zazzage, ko da bai kai 11.4 ɗin da ake ɗauka iyakar lafiya ba. Alajin abinci irin su gyaɗa fa sau da yawa lambar ba ta tashi, kar a ce maka ba komai. In kuma na asalin ya wuce 20 alhali mutum garau yake, likita zai bincika ko ƙwayoyin mast ɗin ne suka yi masa yawa a ɓargo.