Teriyaki da hannunka: girkin da sabon zuwa Japan zai fara koya

Makon farko a Japan, ciki ne ke fara kawo ƙara. Ka sauka a Narita ko Haneda ko Kansai, an kai ka ɗakinka, ka shiga kanti ka tarar da komai a naɗe cikin leda da rubutun da ba ka iya karantawa. Kilishi da dambun naman da aka haɗo maka daga gida kuwa ba sa tsallake filin jirgi, domin dokar ƙasar ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi, kuma ba sa wasa da ita. Sai ka ga ɗalibi ya shafe kwana goma yana fama da ayaba da dafaffen ƙwai da shayi. Ni ma na ɗanɗana wannan, shi ya sa duk ƙanen da ya iso nake zaunar da shi in koya masa girki guda kafin komai, wato teriyaki.

Na zaɓe shi ne saboda kayansa kaɗan ne, kasko ɗaya ya ishe ka, minti ashirin ka gama, kuma harshen Bahaushe yana karɓar sa tun ranar farko. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Teriyakin da ake sayarwa a gidajen abinci da kantunan kwana da ake kira kombini, da na kwalba da ke jere a kanti, kusan duka da giyar girki ake haɗa su. In kana son ka ci da kwanciyar hankali, sai ka haɗa da kanka.

Sunan kalmomi biyu ne. Teri shi ne sheƙi, yaki kuma gashi ko suya a kasko. Ke nan asalinsa salon girki ne: a gasa kifi ko kaza, a riƙa shafa musu haɗi mai zaƙi da gishiri har ya kama jikinsu yana ƙyalli. Shi kansa haɗin, tare suke ce masa. A gidajen Japanawa abubuwa huɗu ne kawai a ciki: shoyu (ruwan waken suya mai gishiri), mirin, sake da sukari, kuma awon da aka fi sani shi ne biyu, biyu, biyu, ɗaya. Wanda ya taɓa cin teriyaki a Amurka ko Ingila zai yi mamaki, domin na can yakan zo da kauri da tafarnuwa da citta, wani lokaci har da ruwan abarba. Wannan salon ya bunƙasa ne a wurare irin su Hawai da Siyatil. Na Japan ya fi shi sauƙi.

Biyu daga cikin huɗun nan su ne matsalarmu. Sake giyar shinkafa ce, ba wani kwana-kwana. Wanda aka rubuta wa 料理酒, ryorishu, shi ne na girki. An zuba masa gishiri don kada a sha, amma ƙarfin barasarsa bai ragu ba. Mirin na gaske, 本みりん, yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, duk da zaƙinsa kamar zuma. Akwai wani da ake kira みりん風調味料, mai kwaikwayon mirin, wanda barasarsa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Abokan aikinka Japanawa za su ce maka ai in an tafasa barasar tana tashi, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa, domin haka ake koya musu a kicin. Gaskiya ne mafi yawanta na tashi, amma ba lallai ta ƙare ƙaf ba, kuma ni abin da na tsaya a kai shi ne ban sayo kwalbar giya in ajiye a ɗakina ba, ko da ta girki ce. Game da mai kwaikwayon nan, malamai sun sha bamban, sai ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Ni dai na bar shi, tunda akwai abin da ke maye gurbinsa.

Shoyu shi ne ginshiƙin haɗin, don haka a tsaya a fahimce shi. Ana yin sa da waken suya da alkama da gishiri, a bar su su ruɓa na watanni da taimakon wani naman gwari da ake kira koji. Wanda ya tashi yana jin ƙanshin daddawa a miyar kuka ba zai ga baƙon abu a nan ba. Aikin da daddawa ke yi a tukunyarmu shi shoyu ke yi a tasu: ya ba abinci wannan garɗin da Japanawa ke kira umami. Kalmar ma wani masanin sinadarai a Tokyo, Ikeda Kikunae, ya raɗa ta bayan ya gano sinadarin da ke kawo ɗanɗanon a 1908, kuma daga bincikensa aka samu Ajinomoto, wannan farin magin da ke kowane teburin mai kayan miya daga Kano har Damagaram. Tun kafin mu taka ƙasar nan muna cin abinta.

A kanti za ka ga kala-kala. Nemi 濃口, koikuchi, mai duhu, shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na shoyun da ake yi a ƙasar, kuma shi ya dace da teriyaki. Kada hasken 薄口, usukuchi, ya ruɗe ka ka ɗauka gishirinsa kaɗan ne; ya fi mai duhun gishiri. Akwai tamari, na yankin Aichi da Gifu da Mie, mai kauri, wanda alkamarsa kaɗan ce ko babu. Daga nan sai ka juya kwalbar ka duba wurin da aka rubuta 原材料名, jerin kayan haɗi. In ka ga アルコール ko 酒精, an ƙara barasa don kada ya lalace, ka mayar da shi. Wanda ya tsaya a 大豆 da 小麦 da 食塩, wato wake da alkama da gishiri, shi ake nema. Ko shi ma ruɓawar tana haifar da 'yar barasa kaɗan da kanta, kamar yadda ake samu a ruwan khal. In zuciyarka ba ta natsu ba, akwai shoyu mai shaidar halal a kantunan Musulmi, irin na layin da ke kusa da tashar Shin-Okubo a Tokyo, da kantin da ke harabar Masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, kuma ana aiko da shi ta intanet duk garin da kake. Ka ɗauki hoton waɗannan haruffa a wayarka, ka haɗa da 豚 na alade da 酒 na giya da みりん. Cikin wata guda idonka zai riƙa tsinto su ba tare da ka duba ba.

Yanzu ga haɗin da nake yi. Ka fara da sayen cokulan awo a shagon yen ɗari irin su Daiso. Babban, osaji, mililita 15 ne. Ƙaramin, kosaji, mililita 5. Zuba babban cokali 4 na shoyu, 4 na ruwan tuffa wanda aka rubuta wa 100%, 2 na sukari, 1 na zuma, sai ƙaramin cokali 1 na khal ɗin shinkafa. A khal ɗin, nemi 純米酢, wanda da shinkafa zalla aka yi. Kowanne da aikinsa. Ruwan tuffa yana kawo zaƙi mai laushi da ƙanshin da sake ke bayarwa. Zuma ita ce mai sheƙin, ita ke tsaya wa mirin. In ta yi maka tsada, akwai mizuame, 水あめ, wani farin abu mai danƙo da ake yi da sitaci, yana ma fin zuma ƙyalli. Khal kuma yana karya zaƙin don kada ya gundure ka. Wannan awon ya ishi cinyar kaza uku.

In za ka yi amfani da shi nan take, juya shi kawai a kofi har sukarin ya narke. In na ajiya ne, ninka awon sau uku, ɗora a ƙaramar wuta ya yi minti biyar yana ɓararraka a hankali, sauke, bari ya huce, zuba a kwalbar da ka wanke da tafasasshen ruwa, sa a firij. Na Japanawa yana daɗewa saboda barasar da ke cikinsa. Namu ba shi da ita, don haka kada ka bari ya wuce mako guda, kuma kada cokalin da ya taɓa ɗanyen nama ya koma cikin kwalbar.

Kaza ita ce ta farko. Kantunan Gyomu Super, da ke kusan kowane gari, suna sayar da daskararriyar cinyar kaza marar ƙashi daga Brazil a leda mai kilo 2, kuma da yawa na ɗauke da tambarin halal. Duba ledar da idonka kowane lokaci, kada ka dogara da abin da ka saya wancan watan. Bari ta saki a firij tun dare. Goge ruwan jikinta da takardar kicin sosai, ka tsattsaga wurin da ya yi kauri, ka sossoke fatar da cokali mai yatsu. Kada ka sa gishiri, shoyu ya wadatar. In kana so, barbaɗa mata ɗan katakuriko, garin sitacin dankali, yana sa haɗin ya manne.

A nan ne hannun Bahaushe ke son ya koma ga abin da ya saba. Mu mun saba mu tafasa nama da kayan ƙanshi, mu soya shi a mai mai yawa har ya yi ƙarau. Teriyaki ba ya son ko ɗaya. Ɗan ɗigon mai ya isa. Kwantar da kazar fata a ƙasa, wuta matsakaiciya, ka ƙyale ta minti shida zuwa bakwai ba juyi, har fatar ta yi ja. Juya, rufe kaskon, ba ta minti huɗu ko biyar. Sai abin da mutane ke tsallakewa, wanda shi ne sirrin duka: karkata kaskon ka tsane kitsen da ya fito da takarda. In ka bar shi, haɗin zai yi ta yawo a kan mai, ba zai kama naman ba. Bayan nan ne za ka zuba haɗin. Zai taso da kumfa manya; riƙa ɗiba da cokali kana kwarara wa kazar. Cikin minti biyu zuwa uku kumfar za ta koma ƙanana, ruwan ya yi kauri yana bin cokali. Kashe wuta nan take. Sukari da zuma ba sa jira, daƙiƙa kaɗan ke tsakanin sheƙi da ɗaci. Bari naman ya huta minti uku kafin ka yanka. Ƙa'idar hukumomin lafiya a nan ita ce tsakiyar nama ya kai digiri 75 na tsawon minti ɗaya. In ba ka da ma'auni, tsaga wuri mafi kauri ka tabbatar ba ja, ruwan da ke fita kuma fari ne.

Kifi ya fi kaza sauƙin samu, tunda ba ka neman tambari. Wanda Japanawa suka fi yi wa teriyaki shi ne buri, kuma lokacin sanyi ne yake yin kitse ya yi daɗi. Salmon da kifin da suke kira saba ma suna karɓa. Barbaɗa wa yankan ɗan gishiri, bar shi minti goma, goge ruwan da ya tsatso, da shi ƙarnin ke fita. Tunda ba mu sa sake, wanda shi ke kashe musu ƙarni, goga ɗanyar citta kaɗan a cikin haɗin. Minti uku kowane gefe, tsane mai, zuba haɗi. Ka je kanti da daddare, awa ɗaya ko biyu kafin su rufe, za ka ga ana manna wa kifi takarda mai 半額, hangaku, rabin kuɗi ke nan. Ƙarshen wata, in aljihu ya yi sanyi, tofu, wato awara, mai tauri da ake kira momen, ko yalon Japan da suke kira nasu, ko dankalin Hausa da suke kira satsumaimo, duk suna shan wannan haɗin su ƙosar.

Zaƙin zai iya yi maka yawa da farko, domin mu ba mu saba haɗa nama da sukari ba. Rage sukarin zuwa cokali 1, kada ka taɓa zumar. Batun yaji kuwa, kada ka zuba shi a kasko, ƙuli-ƙulin da ke ciki zai ƙone ya dusashe sheƙin. Barbaɗa shi a faranti. In naka ya ƙare, ichimi togarashi garin barkono ne zalla, yana kowane kanti a ƙaramar kwalba. Farar shinkafar Japan mai danƙo, yankakken kabeji ɗanye a gefe, ɗan riɗi da lawashin albasa a sama, abinci ya haɗu.

Gidajen nan ƙanana ne, bangonsu ba kauri, kuma akwai na'urar jin hayaƙi a rufi. Kunna fankar da ke saman murhu kafin ka kunna wuta. Kada ka zuba mai a magudanar wanke-wanke. Takardar da ka tsane kitse da ita tana shiga sharar da ake ƙonawa, robar shoyu kuma a ɗauraye ta a cire murfi da takardar jikinta, a fitar ranar da unguwarku ta ware. Kaskon da haɗin ya kama, zuba masa ruwan zafi tun yana da ɗumi.

Ka dafa cinya uku ko da kai kaɗai ne. Teriyaki yana da daɗi ko ya huce, shi ya sa yake cikin abincin da suke ƙunshewa a akwatin bento. Ɗakunan bincike da ofisoshi da yawa suna da na'urar ɗumama abinci, kuma da rana kowa kan buɗe akwatinsa a tebur ɗaya. Ranar da ka buɗe naka suka ga kaza tana sheƙi, wani zai tambaye ka ko ka sa mirin. Ka ce masa ringo jusu to hachimitsu, ruwan tuffa da zuma, ka tura masa akwatin ya ɗauki yanka ɗaya.