Rikici da banki: kurakuran da aka fi yi kan sharuɗɗan da ba a rubuta ba

Ma'aikacin banki ya turo maka takardar da ka sa wa hannu ranar buɗe asusu, ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Nuna mini inda aka rubuta haka." Ka duba sama da ƙasa, babu. Sai gwiwarka ta yi sanyi, ka haƙura.

Wannan kuskuren ya fi kowanne ci mini rai, domin akwai sharuɗɗan da doka ke ɗauka suna cikin yarjejeniya ko ba a ambace su ba. A Birtaniya, sashe na 49 na dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ya wajabta wa mai yi maka hidima ya yi ta da kulawa da ƙwarewar da ta dace, kuma ba shi da ikon soke wannan a cikin ƙananan rubutun nan da ba kowa ke karantawa ba. Haka ma sirrin asusunka. Tun shari'ar Tournier ta 1924 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce banki ba zai fallasa shi ba, sai in doka ta tilasta, ko don maslahar jama'a, ko don kare haƙƙin bankin kansa, ko da yardarka. Saboda haka in za ka yi ƙorafi, kada ka tsaya a "an cuce ni". Faɗi wane nauyi ne ke wuyan bankin, da ranar da ya kasa sauke shi.

Wasu kuma sai su zarce, su ɗauka duk abin da suke ganin adalci ne yana cikin yarjejeniyar. Kotu ba ta cusa sharaɗi don tausayi. Sai in yarjejeniyar ba za ta yi aiki ba in babu shi, ko ya zama a bayyane yake ƙarara, kuma ba ya ture abin da aka rubuta ɓaro-ɓaro. Wata mata da 'yan damfara suka yaudara ta tura fam 700,000 zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kai bankinta, Barclays, ƙara, tana cewa ya kamata su hana ta. A 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce tunda ita da kanta ta ba da umarni a sarari, aikin banki shi ne ya aiwatar. Hukuncin da ɗaci, amma gara ka san shi kafin ka kashe kuɗi wajen lauya.

Ana kuma mantawa cewa kai ma akwai naka nauyin. A shari'ar Greenwood, farkon shekarun 1930, wani magidanci ya gano matarsa na kwaikwayon sa hannunsa tana cire kuɗi. Ya rufa mata asiri watanni, sai bayan rasuwarta ya nemi banki ya biya shi. Shirun da ya yi ne ya kayar da shi. Ranar da ka ga cirar da ba ka sani ba, ranar za ka sanar.

Kuma ka sanar a rubuce, ka ajiye kwafi, don maganar waya ba ta barin sawu. A Birtaniya yawanci banki na da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, kai kuma kana da wata 6 daga ranar amsar ka kai kuka ofishin sasanta rikicin kuɗi.