Yadda ake samun burodi marar gulutin mai ɗanɗanon na alkama

Abin da ke sa burodin alkama ya tashi, ya yi laushi, ya kuma yi danƙo a baki shi ne gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Idan aka kwaɓa fulawa da ruwa, gulutin kan zama kamar raga mai miƙewa, ya tare iskar da yis yake fitarwa. Da zarar babu shi, kwaɓin ba ya riƙe iska. Shi ya sa yawancin burodi marar gulutin yake fitowa ɗan ƙarami, da nauyi, yana marmashewa tun kafin a kai shi baki. Mai cutar siliyak, wato cutar da cin gulutin ke lalata wa mai ita hanji, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100, dole ya rabu da alkama har abada, amma ba dole ba ne ya zauna da burodi marar daɗi.

Idan sayen burodin za a yi, a fara da karanta jerin kayan haɗin da ke jikin leda, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan ukun farko duk sitaci ne, na masara da na rogo da na dankali, burodin zai yi fari da laushi a ranar farko, amma lami zai yi a baki, washegari kuma ya bushe. Wanda ya fi kusa da na alkama shi ne wanda aka haɗa sitacin da garin hatsi sukutum: dawa, gero, ko shinkafar da ba a cire mata dusa ba. Dawa ce ta fi ba da ƙamshi mai kama da na alkama.

Daga nan a duba abin da aka sa a madadin gulutin. Mu a wajenmu ɓawon siliyum ne kan gaba, wato ɓawon ƙwayar irin wani tsiro, wanda ake rubutawa psyllium a jikin leda. Yana shan ruwa ya yi yauƙi, ya ba burodi irin danƙon nan da ake nema, har a iya lanƙwasa yanka ɗaya bai karye ba. Zantan, wato xanthan, wani gari mai sa abinci kauri, yana riƙe kwaɓi shi ma, sai dai idan shi kaɗai ne burodin ya fi kama da kek. Abu na uku da za a duba a burodin shi ne tsami. Rabin daɗin burodi daga aikin yis yake zuwa, don haka wanda aka yi da tsimammen kwaɓi ya fi wanda aka tayar da bakin foda nesa ba kusa ba.

Maganar lafiya kuwa ba a wasa da ita. Ƙa'idar da Tarayyar Turai da Amurka suke bi ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kowane kilo ɗaya na abinci. A nemi rubutun da ya tabbatar da haka, ko alamar zangarniyar hatsi da aka ja wa layi. "Babu alkama" ba ɗaya ba ne da "babu gulutin", domin ana iya samun sha'ir a ciki. Akwai kuma burodin da ake yi da sitacin alkama da aka wanke gulutin ɗinsa. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na ainihi sosai, kuma ya dace da mai siliyak in ya cika ƙa'ida, amma bai dace da wanda jikinsa ke ƙin alkama kanta ba. Wanda kuma yake zargin yana da cutar siliyak, kada ya daina cin alkama kafin a yi masa gwaji, domin sakamakon na iya fitowa ba daidai ba.

Sau da yawa laifin ba na burodin ba ne, na ajiya ne. Kada a sa shi a firji, sanyin firji yana sa sitaci ya ƙanƙame da wuri. A yanyanka shi, a sa a firiza, a riƙa ɗauko abin da za a ci a gasa shi kai tsaye a kasko ko na'urar gasawa, minti 2 zuwa 3. Zafi yana sake tausasa sitacin, ya fito da ƙamshin ɓawo. A keɓe masa na'urarsa da wuƙarsa, don ɓurɓushin burodin alkama ya isa ya tayar wa mai siliyak da ciwo.

Idan na sayarwa bai gamsar ba, ga ma'aunin da ke aiki a gida. Garin shinkafa giram 200, garin dawa giram 150, sitacin rogo giram 150, gishiri giram 10, sukari giram 15, busasshen yis giram 7. A wani kwano daban a zuba ɓawon siliyum giram 25 cikin ruwa mai ɗumi mililita 550, a juya, a bar shi minti 5 har ya yi kauri, sannan a haɗa da garin tare da mai cokali 2 da ruwan tsami na binega cokali 1. A yi awo da sikeli, domin kofi yana yaudara. Kwaɓin zai fi na alkama ruwa, yana manne wa hannu, kuma haka ake so. Wanda ya ƙara gari don ya daina mannewa, dutse zai gasa.

A zuba a gwangwanin gashi da aka shafa wa mai, a rufe, a bar shi ya tashi sau ɗaya tak, kamar minti 45 zuwa 60, har ya ƙaru da rabin girmansa. In aka jira ya ninka biyu, zai tashi a tanda sannan ya zube, a tarar da rami a ƙarƙashin ɓawon. A gasa a zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius na kimanin awa ɗaya. Ma'aunin zafi da aka soka a tsakiya ya kamata ya nuna digiri 96 zuwa 99.

A fitar da shi daga gwangwani nan take, a bar shi ya huce sarai, aƙalla awa 3. In aka yanka da zafi, cikinsa zai yi caɓal ya manne a wuƙa. In kuma ya huce amma aka ga layi mai danƙo a ƙasansa, ruwa ne ya yi yawa ko gashin bai kai ba: a rage ruwa mililita 30 a gashi na gaba, a ƙara masa minti 10 a tanda.