Kurakuran da Ɗalibai Ke Maimaitawa a Motsin Kai-da-Kawo

Duk shekara masu shirin WAEC da NECO suna faɗawa rami ɗaya a wannan darasi, kuma ramin yana cikin F = -kx, inda F shi ne ƙarfin da ke maido abu, k taurin sifirin, x kuwa nisan da abin ya yi daga wurin hutawarsa. Alamar ragin nan tana nufin ƙarfin kullum yana jan abu zuwa wurin hutawarsa: ka ja sifirin ƙasa, ya ja sama, ka danne shi, ya turo. Wanda ya yar da ita, lissafinsa na cewa abin zai yi ta nisa ba dawowa.

Amma abin da ya fi cin maki shi ne inda ake fara auna x. Ka rataya nauyin gram 200 a sifirin mai k = 20 N/m. Da g (ƙaruwar gudun abin da ƙasa ke janyowa) = 10 m/s², zai miƙe santimita 10 ya tsaya. Nan ne wurin hutawa, daga nan x ke farawa. In ka ƙara jansa santimita 3 ka saki, ƙarfin da ke maido shi 20 × 0.03 ne, wato 0.6 N. Sai ka ga ɗalibi ya haɗa 10 da 3 ya rubuta 2.6 N, alhali miƙewar farko ta riga ta biya nauyin abin. Haba! Ni dai dokata ita ce kada a taɓa kalkuleta sai an zana sifirin, an ja layi a wurin hutawa, an rubuta x = 0 a gefensa.

A gwajin fendulum (ƙwallon da aka rataya a zare yana lilo) kuma ƙirga ce ke kayar da mutane. Kai-da-kawo ɗaya shi ne tafiya da dawowa. Mai ƙirga kowace wucewa zai sami rabin T (lokacin kai-da-kawo ɗaya), g ɗinsa ya doshi 39. Wani kuma yana sakin ƙwallon sai ya ce "ɗaya", ya auna 19 ya raba da 20, g ya fito kusan 10.9 maimakon 9.8, sannan ya ɗora wa agogo laifi. Ka ce "sifili" lokacin da ka danna agogon. Na fi son a ƙirga daga tsakiya, inda ƙwallon ya fi gudu, don ido ya fi kama lokacin wucewarsa.

Tsawon zare, L, daga inda aka maƙale shi ne har tsakiyar ƙwallon, kuma kada a ja shi ya wuce digiri 10, don T = 2π√(L/g) ƙaramar kusurwa take so. Nauyin ƙwallon bai shiga wannan lissafi ba, amma a sifirin ya shiga: T = 2π√(m/k), m a kilogiram. A tsakiya gudu ya fi yawa, ƙarfin maidowa kuwa sifili ne. A gefe akasin haka. In za ka lissafa sin ωt (ω = 2π/T, t kuwa lokaci), mai da kalkuleta radiyan. A giraf kuma T² ake zanawa a kan L, gangararsa ta fito kusan 4 s²/m, ka raba 4π² da ita ka sami g.