Kafin ka jefar da DVD ɗinka, duba waɗannan abubuwan tukuna

Satin da ya wuce Kawu ya kira ni gidansa a Yalwa nan Garwa, wai in zo in ɗauke masa lektar DVD in kai wa mai gyara in kuma bata gyaruwa a jefar, don tunda ya sayi sabuwar tele mai faɗi hoton ya zama kamar an shafa masa man gyaɗa, muryar mutane kuma bata fita sai kiɗa kawai ke tashi. Nace Kawu ku bari in duba tukuna. Wallahi lafiyar na'urar ƙalau, wayar HDMI ɗaya, irin wadda ke haɗa na'ura da tele ta zamani, muka saya muka taɓa saiti biyu shikenan. Abin ya dame ni don nasan gidaje da yawa haka ake zubar da na'ura mai kyau, alhali faifan bikin yara da na tafsiri da tsofaffin finafinan Kano duk suna jibge a kwali ba abin kallonsu.

Ka fara da faifan kansa. Hoton DVD na asali ɗigo 720 ne a faɗi 576 a tsaye, na VCD kuwa 352 da 288 ne kawai, ita kuma tele ta zamani mai Full HD tana da 1920 da 1080, to kaga dole ta ja hoton ta buɗa shi ya cika gilashi, duk aibin da tsohuwar tele mai ƙeya take ɓoyewa sai ya fito fili. Sannan faifai mai shafi ɗaya 4.7 GB yake ɗauka, wajen awa biyu na hoto mai kyau kenan. Yanzu ka duba irin waɗanda ake kawo mana daga Mubi da Yola, fim takwas fim goma a faifai ɗaya, an matse su an matse har fuskar mutum na rarrabuwa murabba'i murabba'i in ya yi motsi da sauri. Wannan babu saitin da zai gyara shi, ko an rubuta 1080p, wato alamar Full HD, a gaban na'urar, ita buɗa hoton kawai take yi bata ƙirƙiro abin da babu a faifai. Don haka ka nemi faifai ɗaya mai fim ɗaya wanda ka san mai kyau ne ka yi duk gwajinka da shi.

Sai waya, nan ne yawancin matsalar take. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ita ce kowa ya sani, rawayan shi ne hoto, fari da ja sauti ne na hagu da dama. Rawayan nan haske da kala duk a hanya ɗaya yake cusa su shi yasa zaka ga kala na zuba a gefen rubutu, ja na malalewa. Juya bayan na'urarka ka duba, in akwai ramin HDMI to kar ka tsaya wata shawara, waya ɗaya ce ta ɗauki hoto da sauti gaba ɗaya kuma ba sai mai tsada ba, gajeriya mai kai mai ƙarfi ta isa. In babu HDMI duba ramuka uku kore da shuɗi da ja da aka rubuta Y Pb Pr, waɗannan sun fi rawaya nesa ba kusa ba saboda sun raba haske daban kala daban. Amma a kula, jan wannan layin na hoto ne ba na sauti ba, mutane na yawan musanya su sai hoto ya koma shuɗi shuɗi ko kore, sauti kuma ya riƙa gurnani a gefe ɗaya. Bayan ka haɗa ka shiga saiti wajen bidiyo ka zaɓi YUV in ba haka ba wasu na'urorin basa turo hoton ta nan. Masu na'urorin okaziyo da suka zo daga Faransa zasu ga wani rami mai faɗi mai haƙora 21, Peritel kenan, shi ma yana da kyau in tele tana da irinsa kuma ka zaɓi RGB a saiti.

In hoto ya fito baƙi da fari ko yana gudu sama yana birgima, ba lalacewa bace, tsarin kala ne bai dace ba. Kamaru da Najeriya PAL muke, Amurka NTSC, ka shiga inda aka rubuta tsarin tele ka sa PAL, ko AUTO in telenka sabuwa ce. 'Yan uwa na Kusiri da Injamena masu tsohuwar tele mai tsarin kala na SECAM zalla, ita baƙi da fari zata nuna ta wayar rawaya ko me ka danna, sai dai a canza tele.

Wani abu da ke ci min rai shi ne in shiga gida in tarar mutane a fim duk sun zama gajeru masu faɗin fuska kuma an saba ana kallo a haka. Saitin siffa ne, 16:9 na tele mai faɗi, 4:3 na mai ƙeya, ka gaya wa DVD irin telen da kake da ita. Tsohon fim da aka ɗauka a 4:3 ka bar shi da baƙin layinsa a gefe da gefe haka aka yi shi, kar ka danna zum don cika gilashi, kawuna zaka yanke kuma hoton ya ƙara dushewa. A telen ma ka sauke ta daga yanayin nan mai ƙyalli na shago ka koma Standard ko Cinema, ka rage kaifin hoto sosai don shi ke fito da ƙurajen faifai.

Yanzu sauti, matsalar Kawu kenan. Finafinai da yawa musamman na Indiya da na Turawa sautinsu 5.1 ne, wato bafal biyar da na bas ɗaya, kuma maganar 'yan wasa kusan duk a bafal na tsakiya aka zuba ta. In na'urar tana zaton kana da bafal shida alhali biyu ne gare ka, to tana tura magana ramin da ba a saka komai ba, kai kuma sai kiɗa da ƙarar mota kake ji. Shiga saitin sauti ka nemi Downmix ka mayar da shi Stereo, nan take murya zata dawo. In ta HDMI ko wayoyin sauti na koksiyal ko wayar haske ka haɗa kuma shiru ko wani shuuu kake ji, canza daga RAW zuwa PCM, saboda ba kowace tele ko ampili ke iya karanta tsarin sautin fim irin su DTS ba. Akwai kuma DRC ko yanayin dare, ka kunna shi in kana kallo bayan isha'i, yana ɗaga magana ya danne ƙarar harbi, ba sai kana riƙe da telekomand kana ƙarawa kana ragewa ba kuma maƙwabta sun huta. Na'urori masu ramin makirfo ka murɗa eko da ƙarar makirfon zuwa ƙasa in ba waƙa kake ba, su ma suna kawo hayaniya. In gurnani ne baya tsayawa, raba wayar sauti da wayoyin wuta, ka matsa kawunan su shiga da kyau, in sun yi tsatsa canza su.

Sauran kuma ƙura ce da zafi da wuta, mu nan mun san su. Lokacin hunturu ƙura na shiga ta kwanta a idon na'urar, wato ƙaramin gilashin da ke karanta faifai, sai ta fara tsalle ko ta rubuta babu faifai. Fara goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kar ka bi zagaye, don karcen da ya bi zagaye shi ne yake hana karatu. In duk faifan da ka saka haka take yi to idon ne, cire wuta daga bango tukuna sannan ka buɗe, ka taɓa ƙaramin gilashin da audugar kunne da ɗan alkol kaɗan a hankali kar ka danna, kuma kar ka taɓa leƙa idon nan tana kunne. In hannunka baya tsayawa kai wa mai gyara. Ka rufe ta da ƙyalle in ba a kallo, amma banda lokacin da take aiki, kuma kar ka ɗora ta kan dikoda ko ampili, watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa na wuce digiri 40 ga zafin na'urar kanta. In an ɗauke wuta zare ta, dawowar wutar ce ke ƙona kaya, in da hali a saka regilata musamman masu gurup.

Faifan bikin aure da na suna da aka buga a kwamfuta sun fi na kamfani saurin mutuwa, rana da zafi na cinye su, don haka in yana karantuwa yau ka kai a kwafa maka shi a kile USB ko a kwamfuta. Na Kawu guda huɗu muka gwada, uku sun kwafu, na bikin babbar 'yarsa ya tsaya a wajen kamu ya ƙi gaba, gobe zan kai shi wajen wani yaro a babbar kasuwa mu gwada da wata kwamfutar.