Yadda za ki bi da yaron da zawo ya ƙi tsaya masa kuma jininsa ya ƙi hawa

Toh iyaye mata, akwai yaran da za ki ga an sha maganin ƙarin jini kwalba ta ƙare an sake wata, amma tafin hannu fari fat, ga zawo sati da sati, ciki ya kumbura, ɗuwawu duk ya zube. Wani lokaci ba jinin ne asalin matsalar ba, hanji ne. Akwai ciwon da ake kira siliyak, jikin yaro baya shiri da sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir, sai ya lalata farkon ƙaramin hanji, gashi kuma nan ne jiki ke tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfen da ake haɗa jini da shi. Kinga kenan ana ta zuba ruwa a kwando.

Na farko, zawo in ya wuce kwana 14 ki bar zaryar kemis ki nufi asibiti, irin su JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai sashen yara. Kafin nan ORS kada ya yanke, da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Na biyu a auna jini. Ɗan shekara 2 zuwa ƙasa da 5 in awon Hb, wato sinadarin jan jini, ya gaza 11 jininsa yayi ƙasa. A duba maleriya, tsutsar ciki da sikila tukunna, don su suka fi yawa a wajenmu.

Na uku, kuma nan ake yawan kuskure: ki tambayi likita gwajin tTG, wato gwajin jinin da ake gano siliyak da shi, amma dan Allah kada ki cire masa biredi da taliya kafin a ɗebi jinin, in kin cire sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, kin yi asarar kuɗi kenan. Wani sai an leƙa hanjin an ɗan tsinko a tabbatar.

In ya tabbata toh alkama ta fita har abada, ba wai sai ya ji sauƙi ba. Biredi, Indomie, Semovita, fanke, alkaki, cincin, har su lemun malt. Ki kula da ɗanwake, yawanci da fulawa a ciki, wasu masu masa ma suna barbaɗawa. Injin niƙa kuwa in an gama niƙa alkama aka zuba masararki an ɓata miki aiki, gara ki wanke hatsinki ki sa a goge injin a gabanki. Mu ƴan Jos ai Allah ya hutar da mu, ga acha, ga dankalin turawa buhu-buhu a Farin Gada, gwaten acha da alayyahu da ɗan hanta wallahi ya wuce duk wani abincin gwangwani. Gero, dawa, shinkafa, doya, wake duk babu komai.

Sai maganin ayon, likita ne zai lissafa da nauyin yaro. Ki haɗa masa da lemun zaƙi ko gwaiba, kada ki kora da shayi ko madara don suna hana shi shiga jiki. Kashinsa zai yi baƙi, kar hankalinki ya tashi. Ko jinin ya dawo daidai ana ci gaba kamar wata 3, sannan ki ɗora kwalbar can saman kwaba, yaro in ya kwankwaɗe ta da yawa guba ce.